YADDA NA HAƊA JITA, JITA TA HAƊA NI DA MASTA

Na san akwai daga cikin iyayenmu waɗanda da sun ga kalmar jita a kan wannan takarda za su ce, "Af, yau kuma abin da aka kawo mana ke nan?" Ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Ban zo yin gardama da kowa a kan kiɗa ba, wannan magana ta malamai ce, ni kuwa akawu ne. Labarin wani akwati zan ba ku, da yadda ya cinye mini kuɗin adashi na wata 8, ya kuma sa na taka da ƙafata na tafi inda na yi shekara 13 ina kauce wa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kafinta ne a Aboabo, nan Kumasi. Gadaje ya ke yi da kabad da akwatunan aure, kuma da wuya ka shiga ɗakin tsohuwa a unguwarmu ba ka tarar da kujerarsa ba. Ya so ƙwarai in gaje shi, tun da ni ne auta kuma ni kaɗai ne namiji. Ni kuwa tun da na shiga makarantar boko na sa farar riga, sai warin gam da ƙurar katako suka zame mini abin kunya. In ya ce in riƙe masa katako, sai in ce malaminmu ya ba mu aiki. Wanda ya tsaya masa shi ne babban yaronsa, wanda aka kawo koyon sana'a tun ban iya tafiya ba. Shi ya goye ni a bayansa, Yaya na ke ce masa, yau kuwa duk unguwa Masta a ke kiransa. Da tsoho ya rasu a 2009, ya zo ya durƙusa ya roƙi a bar masa kayan aikin, zai riƙa biya kaɗan kaɗan. Na ce ba a raba gado da bashi. Na kirawo wani mutum daga wata unguwa na sayar masa da su duka a yini ɗaya, har na ƙara da wata magana a gaban mutane, na ce zamanin zarto da guduma ya wuce. Bai ce mini kome ba. Tun daga ran nan sai gaisuwar ƙofar masallaci, ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Ni ma na koma ce masa Masta kamar sauran jama'a.

To, son jita kuwa tsohon ciwo ne gare ni. Mu da muka tashi a Kumasi, ko muna so ko ba mu so, kiɗan hailaif ya shiga kunnenmu, daga rediyon maƙwabta, daga motocin haya, daga wurin makokin Asantawa ran Asabar. Na ga Koo Nimo a talabijin yana zaune da zanensa yana taɓa jita kamar mai hira da ita. Daga baya na ga B.B. King, baƙin Amurkan nan da ya rasu a 2015, yana sa tsirkiya ɗaya ta yi kuka kamar mutum. Amma gidanmu ko garaya ba a shiga da ita, balle jita, saboda haka na haɗiye abina. Sai da na kai shekara 46, ina aikin akawu wurin 'yan goro, ɗan yayata ya nuna mini a wayarsa cewa a Turai ana sayar da jita a warwatse cikin akwati, mutum ya haɗa da kansa, kuɗinta kuma bai kai na haɗaɗɗiya ba. Har an rubuta wai ko wanda bai taɓa riƙe sukundireba ba zai iya. Na ce ai ni ɗan kafinta ne. Kun ji ƙarya ta farko da na yi wa kaina.

Wani abokina da ke zaune a Landan ya taho mini da ita cikin kayansa a watan Nuwamba na 2022. Na buɗe akwati da dare bayan yara sun yi barci. Ga gangar jiki fara fat ba fenti, ga wuya dabam da matakansa na ƙarfe guda 22, ga tsirkiya 6 a naɗe, ga ƙarafa da wayoyi da sukurori cikin 'yan jakunkuna, ga takarda guda ɗaya mai zane wadda ba ta faɗi kome ba sai abin da ido ya riga ya gani.

Bari in gaya muku irin jitar da na zaɓa, don a nan wahalar ta ke. Mai rabin kogo ce. Jitar da muka saba gani duk cikinta kogo ne, kamar ƙwaryar goge, kogon ne ke ba ta murya. Sa'ad da aka fara sa wa jita lantarki a Amurka, sai kogon nan ya zama fitina: in an ƙara murya, ƙarar da ke fitowa daga sifika ta bugi jikin jitar, jiki ya girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar wa sifika, abin ya yi ta zagayawa har ya zama ihu mai toshe kunne. Wajen 1940 wani makaɗi, Les Paul, ya ɗauki gungumen katako mai inci 4 ko ta ina, ya ɗaura masa wuya da tsirkiya, sa'an nan ya tsaga wata jita biyu ya manna ɓangarorin a gefe don kada mutane su yi masa dariya. A 1958 kamfanin Gibson, a garin Kalamazoo, ya fito da wadda a ke kira ES-335 a kan irin wannan dabara: a waje ka ga jita mai kogo da ramuka biyu masu kama da harafin f, a ciki kuwa akwai gungumen katako ya ratsa tsakiya tun daga wuya har gindi. Kogon gefe ya ba da daɗin murya, gungumen tsakiya ya rage ihu. Ko da haka B.B. King ya kan cusa tsumma a ramukan nan, har daga 1980 kamfanin ya riƙa yi masa tasa ba ramuka, ita ce mai sunan Lucille. Tawa kwaikwayon wannan samfuri ce, kuma wuyan irinta ba da sukurori a ke ɗaura shi ba, da gam a ke manna shi. Abin da aka ɗaura da sukuru ana kwancewa a gyara. Na gam kuwa, sai dai Allah ya kiyaye.

Ni ban tsaya tunanin wannan ba. A daren nan na shafa gam, na zura gindin wuya cikin raminsa. Na ji yana ɗan motsi, raminsa ya fi shi faɗi kaɗan, na ce ai gam zai cike. Ba ni da ƙarfen matsewa irin na kafintoci, sai na kwantar da ita a ƙasa na ɗora mata rabin buhun shinkafar uwargida, na je na kwanta ina murna. Bayan kwana biyu na buga jaki, watau ƙarfen da tsirkiya ke hawa kansa, na ɗaura tsirkiyoyi don in ji ko yaya. Kai, jama'a, abin da na gani! Tsirkiya mai kauri ta shigo can tsakiya, siririyar ƙarshe kuwa tun daga wajen mataki na 15 ta sauka daga kan wuya tana tafiya a iska. Buhun shinkafa ya ture wuyan gefe guda, gam kuma ya kama shi a haka. Na ja, na murɗa, ko gezau. Na mayar da ita akwati na tura ƙarƙashin gado.

Mako uku tana nan. Ba na son a yi maganarta. Uwargida ba ta ce kome ba sai ran da na sake cewa a rage kuɗin cefane, sa'an nan ta ce, "Maigida, kuɗin adashi dai suna ƙarƙashin gado suna barci. Duk Aboabo mutum ɗaya ne zai iya tashinsu, ka kuwa san shi." Na yi fushi, don gaskiya ce. Na kwana ina juyi. Da safe na tuna da abin da Hausawa ke cewa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya goye ka. Na naɗe jita cikin tsohon zane don kada a gani, na kama hanya.

Na tarar da shi a rumfa yana gyaran ƙofa. Ya tsufa fiye da yadda na ke ganinsa a masallaci, ya sa tabarau ɗaure da zare. Yaro ɗaya tak ke gare shi, da kuwa rumfar tsoho ba ta rasa biyar. Na yi sallama, ya amsa, ya ce, "Akawu, yau ɓatan hanya ka yi?" Na kwance zane ba tare da na ce kome ba. Ya ɗauka ya kai ido ɗaya ya hango tsawon wuyan kamar mai auna bindiga, ya ce, "Wa ya manna wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Da me ka matse?" Na gaya masa. Yaron ya fita waje da gudu don kada ya yi dariya a gabana.

Masta bai taɓa haɗa jita ba, bai ma san yadda a ke riƙe ta ba. Amma ya san katako. Ya kankare gindin wuyan kaɗan ya shinshina, ya ce dangin maɗaci ne, wanda Turawa ke ce wa mahogani, irin wanda a ke sarewa a dazuzzukan ƙasar nan a fitar ta tashar Takoradi. Ya ce, "Watakila ma ɗan gida ne, ya je ya zaga duniya ya komo maka da tsada." Sa'an nan ya tambayi irin gam ɗin da na sa. Da ya ji farin gam na kafintoci ne, ya ce Allah ya so ni, don wannan zafi da tururi suna sassauta shi. Ya ɗora buta a wuta, ya sa mata siririn tiyo a baki, ya huda ƙananan ramuka biyu a wurin haɗin ta cikin ramin da ke kusa da wuya, inda ba za a gani ba, ya riƙa shigar da tururi sannu sannu yana goge ruwa da tsumma don kada fatar jitar ta kumbura.

Muna jiran buta ne idona ya faɗa kan filen da ke bisa teburinsa. Mariƙinsa tsagagge ne, an ɗaure da wayar jan ƙarfe. Na san ɗaurin nan, a gabana tsoho ya yi shi ina ɗan shekara 9. Yaron ya gaya mini daga baya cewa Masta ya bi mutumin da na sayar wa kayan, ya yi ta fansarsu ɗaya ɗaya har shekara 3, waɗansu ma a kan ninkin abin da aka ba ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Shekara 13 ban kira shi da wannan suna ba. Bai dube ni ba, ya ce, "Riƙe nan, gam ya fara saki." Na riƙe gangar jiki, shi ya kama wuya yana rausaya shi a hankali, har ya zame ya fito. Sai da ya ajiye shi ya goge hannu, sa'an nan ya ce, "Auta, maganar kaya ba ta dame ni ba, gadonka ne. Maganar zarto ce ta tsaya mini, don ba ni ka zaga ba." Muka yi shiru. Ya ɗaga hannu ya yi wa tsoho addu'a, muka shafa.

Daga nan karatu ya fara. Ya ce a bar katako ya bushe mako guda, kuma kada in sake taɓa gam sai na gaya masa lissafin abin. Shi ke nan na koma na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na karanta. Ashe tsawon tsirkiyar irin wannan jita, daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki, inci 24 da rubu'i uku ne, watau wajen milimita 628, kuma mataki na 12 shi ne tsakiyar wannan tsawo daidai. In ka auna daga ƙashi zuwa mataki na 12 ka sami 314, to lalle ne ka sami wata 314 daga nan zuwa jaki, da ɗan ƙari kaɗan, musamman wajen tsirkiyoyi masu kauri. Ramukan jaki kuwa an riga an huda su tun daga masana'anta, saboda haka wuya ne zai bi su, ba su za su bi shi ba. Na kawo wa Yaya wannan, ya ji daɗi, ya ce yau boko ya yi rana. Shi kuma ya kawo nasa: ya ɗaura zare biyu daga ƙashi zuwa jaki, ɗaya a ko wane gefe, ya riƙa gusa wuyan har ratar da ke tsakanin zare da bakin wuya ta zama ɗaya dama da hagu. Ya ce kuskuren da bai kai kaurin farce ba a gindin wuya, kafin ya kai jaki ya zama na yatsa. Ya ɗauki filen tsoho ya fere wani guntun maɗaci har ya yi siriri kamar takarda, ya cike ratar da na ce gam zai cike. Sau huɗu muka haɗa a bushe muka kwance kafin ya yarda a shafa gam. Ya matse da ƙarfe, ya sake duba zare, ya ce kada wanda ya taɓa sai jibi.

Ana cikin haka hunturu ya shigo. Katakon da ya sha damshin hanya ya tsotse, sai bakin matakan ƙarfe suka ɗan fito a gefen wuya suna karce hannu. Na tsorata, Yaya ya ce alheri ne, gara ya yi abin da zai yi yanzu, muka bi su da ƙaramin zarton ƙarfe ɗaya ɗaya. Wurin goga da samfefa na sake yin wauta. Fatar saman jitar ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, ni kuwa na danne ta kamar mai wanke tukunya, har na cinye ta a wuri guda kusa da gindi, farin katakon ƙasa ya leƙo kamar faɗin kwabo. Wannan ba shi da magani. Mun shafa launi ja mai duhu, wurin ya ƙi karɓa kamar sauran, yana nan har yau. Man ƙyalli kuwa sau 8 muka shafa, kwana biyu biyu, muna rataye ta cikin gidan sauro saboda ƙura.

Saura lantarki, wanda Yaya ya ce ba ruwansa. Jita irin wannan tana da kunnuwa biyu a ƙarƙashin tsirkiya, ko wane kunne maganaɗisu ne da siririyar waya a naɗe sau dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da ɗan lantarki, shi a ke kai wa amfilifaya. Nawa irin waɗanda wani injiniyan Gibson, Seth Lover, ya ƙago ne a 1955: naɗi biyu masu saɓa wa juna, don gurnanin da wayoyin gida ke jawowa ya kashe kansa da kansa. Abin takaici, jita mai rabin kogo ba ta da ƙofa a baya. Maɓallan murya guda 4 da makunni da mazurin waya, duk sai an haɗa su da dalma a waje, sa'an nan a shigar da su ta ramin f, a jawo ko wanne zuwa gurbinsa da zare. Wani mai gyaran rediyo a Asawase ya koya mini riƙon ƙarfen dalma, bayan na ƙona yatsa biyu. 'Yata mai shekara 10 ita ta ja zaren, don hannuna bai shiga. Da muka kunna sai gurnani kamar injin niƙa. Mai rediyo ya taɓa mazurin waya, gurnani ya ragu, ya taɓa tsirkiya, bai ragu ba, ya ce na manta wayar da ke haɗa tsirkiya da ƙasa. Tana nan kuwa a cikin jaka, na zaci saura ce aka ƙara mini. Sai da muka zare ƙarfen da na riga na buga a jiki muka sa ta a ƙarƙashinsa.

Tsirkiyoyin nan shida in an ɗaure su, jan da su ke yi ya fi kilo 40, saboda haka akwai sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuya mai hana shi lanƙwashewa. Rubu'in juyi a ke murɗa ta, a bari sai gobe a duba. A da da na murɗa ta sau uku a tashi ɗaya. Na gyara jaki tsirkiya bayan tsirkiya, ina gwada muryar mataki na 12 da ta sake, in ta yi sama in ja ɗan ƙarfen baya, har suka daidaita. Muka gama a watan Maris na 2023, saura mako guda azumi.

Na ari amfilifaya na kai rumfa bayan la'asar. Na kaɗa tsirkiya ɗaya na bar ta. Muryar ta fito a tsaye, ta daɗe tana tafiya kafin ta mutu, ba gurnani ba ihu. Yaya ya dafa bayan jitar da tafin hannunsa yana jin yadda katako ke rawa, ya ce, "Haɗin ya kama." Abin da ya ce ke nan, kuma ban taɓa samun yabon da ya kai shi ba. Sai ya ce to in yi musu kiɗa. Na taɓa abin da na iya, yaron ya sake fita waje da gudu. Gaskiya har yanzu kiɗana sai mai haƙuri, ina dai koyo da dare da murya ƙasa ƙasa, kuma duk watan azumi a akwati ta ke kwana.

Samari, in waninku ya yi sha'awar irin wannan akwati, ban hana shi ba, amma ya ji daga bakin wanda ya sha. Ya ƙirga kayan duka ya san aikin ko wanne kafin ya fara. Ya haɗa a bushe, ya auna, ya ja zare, kada ya buɗe gam sai ya gaji da aunawa. Ya sassauta hannu wurin samfefa. In mafari ne ƙwarai, ya nemi mai wuyan sukurori tukuna. Abin da ya fi duka, ya nemi mai sana'a a unguwarsu ya zauna kusa da shi, don takardar cikin akwati ba ta san hunturun Kumasi ba. Ku kuma iyayenmu masu sana'a, kafintoci da maƙera da teloli da masu gyaran rediyo, in yaro ya zo muku da wani abin da ba ku saba gani ba, kada ku kore shi tun daga ƙofa. Da Yaya ya ce shi ba ya taɓa kayan kiɗa, da na naɗe zanena na koma, da kuwa har yau gaisuwar masallaci mu ke yi.

Yanzu ko wace Asabar da hantsi ina rumfa. An fara ba ni fere ƙafar kujera, ko da ya ke Yaya ya ce tukuna ban isa riƙe filen tsoho ba, sai na iya wasa bakinsa. Ɗana na fari ma ya fara bina, shi ne mai share ƙurar katako. Wanda ya ke son ganin jitar ya zo can, zan nuna masa har da tabon da ke gindinta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya sa albarka a sana'ar masu sana'a, amin. Wassalam.

Naku,
Wani akawu daga Aboabo, Kumasi.